Masu ceton beyar: aikin lada ne ko ɓarnar dukiya?

Ɗan_Kurmi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah a amsa min da ilimi. Akwai mutanen da suka sallama rayuwarsu kacokan wajen ceton dabbar nan beyar, babbar dabbar daji mai yawan gashi da Turawa ke kira bear, a ƙasashen Asiya da Turai. Su karɓo ta daga keji, su yi mata tiyata, su gina mata gandu, su ciyar da ita har ta mutu. Kuɗin da ke tafiya a wannan ba kaɗan ba ne. Ni a ganina, a duniyar da yara ke kwana da yunwa, wannan ɗora abu ne a inda ba muhallinsa ba. Ko akwai abin da ban gani ba?

Ummu_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Wani kuma an gafarta masa saboda kare da ya shayar. Ni daga nan na fara kallon maganar.

Dakta_Bello_na_Dabbobi:
Malam Ɗan_Kurmi, kafin a yanke hukunci ya kamata a san daga wane hali ake ciro dabbobin nan. A Sin da Biyetnam da Koriya ta Kudu an daɗe ana kiwon beyar don a tatsi ruwan maɗaciyarta a yi maganin gargajiya. Wadda aka fi yi wa haka ita ce baƙar beyar ta Asiya, mai farin zane kamar jinjirin wata a ƙirji. Ana sa ta a kejin ƙarfe daidai jikinta, wani kejin ko juyawa ba ta iya yi a ciki. A huda cikinta a zura bututu zuwa maɗaciya, ko a bar ramin a buɗe ruwan yana ɗiga, ko a sumar da ita a soka doguwar allura a zuƙo. Wasu suna yin shekara ashirin a haka, wasu fiye.

Idan aka karɓo su, abin da likitoci ke tararwa shi ne haƙora sun kakkarye saboda cizon ƙarfe, tafin ƙafa ya tsattsage don bai taɓa taka ƙasa ba, ido ya mutu, ciki ya cika da ruɓa. Yawanci sai an cire maɗaciyar gaba ɗaya, kuma ciwon dajin hanta yana kashe da yawa daga baya. Abin da ya fi ƙona min rai a matsayina na likita shi ne babu larura. Sinadarin da ke aiki a ruwan, wanda ake kira UDCA, tun a shekarun 1950 masana a Japan suka gano yadda ake haɗa shi ba tare da beyar ba. Yau ana sayar da shi a kantin magani, ana narkar da tsakuwar maɗaciya da shi, ana ba masu wasu cututtukan hanta.

Sarkin_Yaƙi:
Duk mun ji, Dakta. Amma wa ke wannan aikin? Turawa ne da suka ƙoshi, ba su san zafin talauci ba. Su zo ƙasashen mutane su ce al'adarku ba ta da kyau.

Malama_Rabi:
@Sarkin_Yaƙi ba haka ba ne gaba ɗaya. Gaskiya ne akwai Turawa. Jill Robinson 'yar Ingila ce, ita ta shiga wata gonar beyar a kudancin Sin a 1993, abin da ta gani ya sa ta kafa ƙungiyar Animals Asia a 1998, kuma a shekarar 2000 suka yi yarjejeniya da hukumomin Sin aka buɗe mafaka kusa da birnin Chengdu. Amma masu share ɗakuna, masu dafa abinci, masu kwana da dabbar da aka yi wa tiyata, mafi yawansu 'yan ƙasa ne.

Sannan ka duba Indiya. Waɗanda suka kawo ƙarshen rawar beyar a can Indiyawa ne, Kartick Satyanarayan da Geeta Seshamani, da ƙungiyarsu Wildlife SOS da suka kafa a 1995. Kuma labarinsu shi ne amsar tambayar Ɗan_Kurmi kai tsaye, don haka bari in ɗan tsawaita.

Masu rawa da beyar a Indiya wata al'umma ce da ake kira Kalandar, Musulmi ne, talakawa tilis, sun gaji sana'ar tun zamanin sarakunan Mughal, kimanin shekara 400. Yadda ake yi, mafarauta su sato ɗan beyar daga daji, sau da yawa sai an kashe uwar. A huda hancinsa da jan ƙarfe, a zura igiya, a fasa masa fiƙoƙi. Abin da 'yan kallo ke kira rawa, zillo ne dabbar ke yi saboda zafin igiyar da ake fizga a cikin gyambo. Doka ta hana tun 1972, amma aka ci gaba, domin in ka ƙwace beyar ina za ka kai ta, shi kuma mai ita me zai ci?

Su waɗannan mutane biyu sai suka fara da zama da Kalandar ɗin a matsugunansu. Suka ce duk wanda ya miƙa beyar ɗinsa ya sa hannu ba zai ƙara saye ba, za a ba shi jarin rupee 50,000, kuɗin Indiya, ya kama wata sana'a. Wani ya sayi keken haya mai ƙafa uku, wani ya buɗe shago. Aka sa yaransu a makaranta, aka koya wa mata ɗinki. Aka buɗe mafaka a Agra a 2002, kuma da yawa daga masu kula da dabbobin a can tsofaffin masu rawa da beyar ne, don babu wanda ya fi su sanin halinta. A Disambar 2009 aka miƙa beyar ta ƙarshe, mai suna Raju, bayan an karɓo sama da 600. To Malam Ɗan_Kurmi, wannan kuɗin a dabba kaɗai ya tafi?

Ɗan_Kurmi:
Malama, wannan na Indiya ya shige ni. Amma shi ɗaya ne. Na Sin fa? Can ai ba talakawa ba ne, kamfanoni ne.

Dakta_Bello_na_Dabbobi:
Haka ne, kuma shi ya sa na Sin ya fi wuya. Har yanzu doka ba ta hana ba a can, Animals Asia na ƙiyasta sama da beyar 10,000 ne a gonaki. A 2020 ma hukumar lafiya ta ƙasar ta sa wata allura mai ɗauke da ruwan maɗaciyar beyar cikin magungunan da ta ba da shawarar a yi amfani da su ga masu korona. Biyetnam ce aka samu sauyi. A 2005 gwamnati ta sa wa beyar da ke hannun mutane alama a jiki don kada a ƙaro sababbi daga daji, a lokacin sun haura 4,000. A 2017 ta sa hannu da Animals Asia kan rufe sana'ar baki ɗaya. Yanzu kaɗan ne suka rage. Akwai mafaka a Tam Dao, an ƙara wata a gandun Bach Ma.

Baban_Sadiq:
Ni da nake karanta bayanin Malama Rabi, gardawa ne suka faɗo min a rai. Muna yara idan masu wasa da kura suka shigo gari, da ganga da birai da macizai, duk unguwa sai ta fashe. Kura da takunkumi, da sarƙa mai nauyi, ana ɗora yaro a bayanta a ce ba zai ƙara jin tsoro ba. A lokacin ko sau ɗaya ban taɓa tunanin halin da dabbar ke ciki ba. Yanzu da na girma, idan na tuna yadda ake jan ta a kan kwalta da tsakar rana, abin yana damuna.

Jikan_Gardi:
Baba, da girmamawa, kada a haɗa mu da masu huda hanci. Kakana gardi ne, a gidanmu na tashi na ga kura. Ba a huda ta, ba a cire mata haƙori. Sai ta ci nama kafin mu ci tuwo, domin ita ce jarin gidan. In ta yi rashin lafiya kakana ba ya barci. Mutane na ganin sanda a hannun gardi su ɗauka duka ne aikinsa, alhali akwai sani da haƙuri da magani da aka gada. Kuma da wannan sana'ar aka aurar da iyayenmu mata.

Malama_Rabi:
@Jikan_Gardi na yarda kakanka yana son dabbarsa. Su ma Kalandar da yawa haka suke, akwai waɗanda suka yi kuka ranar miƙa tasu. Amma ka faɗa mana tsakani da Allah, daga ina ake samo kurar? Ba daga rami ake ciro ta ba? Kuma dabbar da Allah ya halitta tana yawon dare mai nisa, ta ƙare rayuwarta a ɗaure a turke, wannan ba cutarwa ba ce ko da tana ƙoshi?

Jikan_Gardi:
Daga daji ake kamo ta, ban musa ba. Abin da nake cewa shi ne duk wanda zai zo ya ce a daina, ya zo da abin da za a ci. In ya zo da wa'azi kawai, ba wanda zai saurare shi.

Ustaz_Abu_Maryam:
Wa'azin ma yana da nasa gurbin, ɗan'uwa. A Pakistan akwai wata mummunar al'ada a karkarar Punjab da Sindh, inda manyan masu gonaki ke shirya taro, a ɗaure beyar da aka cire wa haƙora, a sako mata karnuka, jama'a na kallo. Dokar hana zaluntar dabbobi ta 1890 ta haramta, amma masu abin suna da ƙarfi. Wani masani ɗan ƙasar, Dakta Fakhar-i-Abbas, da abokan aikinsa suka bi masallatai suna zama da limamai, limaman suka riƙa kawo maganar a huɗubar Juma'a, da hujjar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana haɗa dabbobi faɗa. Hadisin yana cikin Abu Dawud da Tirmizi. Aka haɗa da ba masu beyar wata sana'ar, kamar yadda Jikan_Gardi ke nema. Tarukan sun ragu ƙwarai. Mafakarsu ta farko a Kund, ambaliyar 2010 ta cinye ta, yawancin dabbobin suka mutu, amma ba su watse ba, suka koma Balkasar suka ci gaba. Mutumin da ruwa ya share masa aikin shekaru ya sake tashi, ba za a ce neman suna yake ba.

Sarkin_Yaƙi:
To in don Allah suke yi, me ya sa ba sa mayar da su daji? Sai su tara su a waje ɗaya suna ɗaukar hoto suna neman tallafi.

Dakta_Bello_na_Dabbobi:
Ba ta mayuwa. Dabbar da aka kamo tana jaririya ba ta koyi neman abinci daga uwarta ba, ba haƙora, wata ba ido, kuma ta saba da mutum. Ka sake ta, gari za ta nufa, ko ta yi ɓarna ko a kashe ta. Dole a riƙe ta har ƙarshen ranta, kuma beyar na iya kai shekara talatin. Nauyin aikin ke nan. Ranar ceto kwana ɗaya ce, ita ake nunawa a bidiyo. Sauran shekarun kwasar kashi ne, da dafa kunu, da ɓoye 'ya'yan itace da zuma a cikin kututture don ta nema da kanta kada zaman banza ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, da sa maganin ciwon gaɓɓai a cikin abin zaƙi don ta yarda ta haɗiye. Wata sai ta yi watanni kafin ta yarda ta taka ciyawa, saboda ba ta san ta ba.

Ɗalibi_a_Rasha:
Ƙarin bayani kan maganar Dakta: akwai waɗanda ake mayarwa, amma jarirai marayu ne da ba su riga sun saba da mutum ba. A nan Rasha, a yankin Tver, iyalin Pazhetnov sun shahara da wannan, daga uba Valentin har 'ya'ya da jikoki. Ƙa'idarsu mai tsauri ce. Ba a magana a gaban jariran, ba a wasa da su, ana sa safar hannu, a ba su madara a fice. Ana so su girma suna tsoron ɗan Adam, don tsoron ne zai raya su. Kafin su cika shekara ake sakin su. Ka yi tunanin ka shayar da abu da hannunka dare da rana, kuma nasararka ita ce ya gan ka ya gudu.

Hajiya_Mai_Goro:
Allah sarki. Wannan ya taɓa min zuciya.

Tsohon_Mai_Gadin_Daji:
Na yi shiru ina karantawa, amma bari in sa baki, tunda na yi aikin gandun daji shekaru masu yawa kafin in ajiye. Ku kuna maganar na ƙasashen waje, mu nan wa ya san da mu? Mukan shiga sintiri mu yi kwanaki a daji da ƙafa, garin kwaki da ƙuli-ƙuli ne guzuri, ruwan da dabba ta sha shi za ka sha. Mafarauci na ɗauke da bindigar da ta fi taka. Akwai lokacin da muka yi watanni ba alawus, takalmi ma da kuɗinmu muke saye. Na rasa abokin aiki a hannun mafarauta, ya bar mata da yara ƙanana, mu muka yi karo-karo aka yi sadakar bakwai. Mafi ciwo, in ka kama mutum sau da yawa ɗan garinku ne, gobe za ku haɗu a masallaci, danginsa na kallon ka a matsayin wanda ya fifita dabba a kan ɗan'uwa.

Shi ya sa maganar Ɗan_Kurmi ba baƙuwa ba ce a kunnena, an sha faɗa min ita ido da ido. Amsar da nake bayarwa ita ce, dajin da ba dabba ba ya daɗewa yana daji. Da zarar namun sun ƙare masu gadi za su janye, masu gawayi su shigo, rafi ya ƙafe, sannan a rasa wanda zai shiga sai ɓata-gari. Ku dubi dazuzzukan da aka yi watsi da su a arewa, su wa ke ciki yau?

Bauchi_Ikon_Allah:
Baba, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan abokin aikinka. Mu a Yankari mun ga amfanin masu gadi. Tun da gwamnatin jiha ta haɗa hannu da ƙungiyar WCS mai kare namun daji a 2014 aka ƙarfafa sintiri, kisan giwaye don haure ya ja baya sosai. Amma a faɗi ɗaya gefen: manomin da garken giwa ya shiga gonarsa dare ɗaya ya tashi ba dawa ba masara, shi ma a tuna da shi.

Ɗan_Yamai:
Mu ma a Nijar muna da namu. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal. Da aikin masu gadi da 'yan rakiyar baƙi da mutanen ƙauyukan, suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji. A ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban ƙungiyar 'yan rakiyar. Baƙi suka ɗauke ƙafa, waɗanda ke ci daga wurin suka shiga wani hali. Don haka in an ce dabba ko mutum, mu a Kure ba mu san yadda za a raba su ba.

Sarkin_Yaƙi:
Na Yankari da na Kure na yarda da su, namu ne, kuma suna kare iri ne kada ya ƙare. Amma tsohuwar beyar makauniya da ba za ta haihu ba, ba za ta koma daji ba, me riƙe ta ya ƙara wa duniya? Nan ne har yanzu ban gamsu ba.

Malama_Rabi:
Abu biyu. Na ɗaya, hukuma ba ta iya ƙwace dabba in ba ta da inda za ta ajiye ta. Dokar Indiya ta yi shekara talatin tana kwance saboda haka, sai da aka buɗe Agra ta fara aiki. In aka daina saye, mafarauci zai daina sato jarirai, ka ga na dajin sun tsira. Na biyu, ko da ba ta ƙara komai ba, mutum ne ya makantar da ita. Wanda ya ɓata, a jinsinsa ake neman mai gyara.

Injiniya_Sani:
Ina so a ji ta bakin waɗanda ke zaune da beyar a maƙwabtaka, kada mu ɗauka dabba ce mai laushi. Romaniya ce ta fi kowace ƙasar Turai yawanta in aka cire Rasha. A can akwai babbar mafaka a Zarnesti da Cristina Lapis ta buɗe a 2005, don waɗanda ake tsarewa a keji a gaban gidajen abinci ana jawo masu saye. Amma a ƙasar dai, a Yulin 2024 beyar ta kashe wata budurwa 'yar shekara 19 a kan dutse, majalisa ta yi zaman gaggawa ta amince a harbe 481 a shekarar. Makiyaya na kuka da asarar tumaki. Masu kare dabbobi kuma na cewa laifin masu ba su abinci a bakin titi ne da shara da ake bari a buɗe. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma ma'aikacin da ke tsakiya shi ke shan zagi daga duka biyun.

Tsohon_Mai_Gadin_Daji:
Injiniya, ka faɗi zahiri. Haka muke da manoma da giwa.

Ɗan_Kurmi:
Na karanta duka, na gode. Inda ake haɗa ceton dabba da sana'ar mutane, kamar Indiya da Pakistan, ba ni da ja. Inda har yanzu nake da nauyin zuciya shi ne idan na tuna asibitocinmu. Beyar a Tam Dao tana samun hoton ciki da likitan haƙori, mace mai naƙuda a ƙauyenmu ba ta samun motar da za ta kai ta gari.

Ummu_Hanifa:
Wannan ciwon namu ne duka, ɗan'uwa. Amma ba mai ceton beyar ne ya hana ƙauyenku mota ba. Da za a rufe Tam Dao gobe, ko sisi ba zai iso asibitinku ba. Waɗanda suka riƙe haƙƙin mai naƙudar nan mun san inda suke, a can ya kamata mu kai ƙara.

Jikan_Gardi:
Ni tambayata ga Dakta ce. Akwai ɗan baffana da har yanzu yake yawo da kura biyu, kuma ya gaji, kasuwar ta mutu, yara sun koma kallon waya. In ya ce yau zai miƙa su, akwai inda za a karɓa a riƙe su da kyau a ƙasar nan? Kuma shi wa zai ba shi jari?

Dakta_Bello_na_Dabbobi:
@Jikan_Gardi kada ya sake su a daji, kuma kada ya sayar wa masu haɗa magani. Turo min saƙo ta gefe ka faɗa min jihar da yake da shekarun dabbobin, in tuntuɓi abokan aiki mu ga abin da zai yiwu. Maganar jari kuwa, Malama Rabi da Ustaz, ko zauren nan zai iya yin wani abu?